Sayen Fulat a Tsohon Bene a New Town: Cinikin Wata Biyu da Ya Ci Wata Goma Sha Huɗu

A farkon shekarar 2022 yayata, wadda ta shafe shekara 19 tana haya a ciki da falo a Maamobi, wata unguwa a Accra, babban birnin Ghana, ta ce ta gaji da biyan kuɗin da ba ya dawowa. Mai gidan ya aiko mata cewa wa'adinta zai cika bayan babbar salla, kuma yana son kuɗin shekara biyu a dunƙule, kamar yadda masu gidaje suka saba a Accra, duk da cewa Dokar Haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Babu wanda bai san da wannan doka ba, amma kowa ya san cewa ɗan hayar da ya kai mai gida ƙara yana iya yin nasara a ofis, ya dawo ya rasa kwanciyar hankali a tsakar gida. Ni ne na riƙa raka ta duk inda cinikin ya kai ta, ni ne kuma na riƙe takardun, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu ma a sahu ɗaya muke salla.

Mijin Yaya ya daɗe da rasuwa. Tana sayar da atamfa da leshi a kasuwar Nima, tana da 'ya'ya mata biyu da ke gidajen aurensu, sai babban ɗanta da ke tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York. Shi ne ya tara dala 25,000, ita kuma tana da sidi 90,000, wato kuɗin Ghana, da ta haɗa daga adashi da ribar shekaru da kuma sarƙar zinariya biyu da ta sayar. Shawararsa ta farko ita ce irin ta kowane ɗan zango da ke ƙasar waje: a sayi fili a Kasoa ko Amasaman da ke bayan garin Accra, a yi ta gini sannu a hankali. Ya ce mata a waya, "Mma, da kuɗin nan za mu tayar da ɗaki huɗu, har da wurin ajiye mota." Amsar da ta ba shi ita ce, "Idan na mutu a can, wa zai yi mini wanka?"

Wasu za su ɗauki wannan amsa a matsayin son zuciya na tsufa, ni kuwa ina ganin lissafi ne mai kyau. Matar da sana'arta, masallacinta, asibitinta, gidajen sunanta da na zaman makokinta duk suke tsakanin Nima da Maamobi da Kanda, idan aka kai ta bayan gari, to an raba ta da jarin da ya fi wanda ke cikin shagonta. Mutumin da ya taso daga Kasoa da asuba yana iya shafe awa biyu ko fiye a cikin trotro, wato ƙaramar bas ta haya, kafin ya iso tsakiyar gari. Ga kuma matsalar sababbin filaye da kowa ya sani, wato sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, da 'yan daba masu tsaron fili waɗanda sai da majalisa ta yi dokar haramta aikinsu a 2019, ta kuma sake nanata haramcin a Dokar Filaye ta 2020. A tunaninmu, tsohon gini a tsohuwar unguwa ya wuce duk wannan rigima, tunda ya fi shekara 50 a tsaye ba wanda ya zo ya ce nasa ne. A nan ne kuskurenmu na farko ya fara.

Wani dillali da ke zama kusa da shagonta ya kawo labarin fulat a Accra New Town, unguwar da har yanzu dattawa ke kira Lagos Town. Bene ne mai hawa uku, kowane hawa da fulat biyu, wanda ake sayarwa kuma yana hawan tsakiya: ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki a ciki, da baranda mai kallon titi. Ɗakunan suna da faɗi da tsawon rufi irin na ginin da, ƙasan kuma tarazo ne wanda ko tsagewa bai yi ba. Gidan na wani Alhaji ne, fataken goro da ya rasu a 2009 ya bar 'ya'ya 14 daga ɗaki uku, kuma wanda ya fito a matsayin mai sayarwa shi ne babban ɗan ɗaki na biyu, mutum mai mutunci wanda Yaya ta san mahaifiyarsa tun suna 'yan mata. Ya sa kuɗi dala 45,000, aka yi ta ja har aka tsaya a 40,000. Babban Bankin Ghana ya sha yin gargaɗi cewa haramun ne a doka a sa farashin kaya da kuɗin waje a cikin ƙasa, amma a cinikin gidaje a Accra da dala ake magana, ko da sidi za a ƙirga a ƙarshe.

Mako guda bayan ta ga gidan, dillali ya zo da maganar da dillalai ba sa rasawa, cewa akwai wani daga Jamus da ke shirin turo kuɗi. A wata ranar Juma'a ta watan Janairu, bayan an sauko daga masallaci, Yaya ta kai sidi 24,000 a jaka a matsayin kafin alƙalami, wanda a canjin lokacin, da dala ke wajen sidi 6, ya yi daidai da dala 4,000. An ƙirga kuɗin a gaban limamin unguwa da dattawa biyu, aka yi addu'a, aka raba goro. Da na ce a nuna mana takardun gidan tukuna, mai sayarwa ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, ai mu 'yan gida ne. Takardu suna cikin akwatin Baba, ba inda za su." Yaya ta harare ni, na yi shiru. Rasit ɗin da aka rubuta a takardar littafin makaranta ya ce an karɓi "miliyan 240" daga hannunta, domin tun da aka sauya kuɗi a watan Yulin 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, mutanen kasuwa ba su daina ƙirga da tsohon lissafi ba. Ba a rubuta ko nawa ne da dala ba, ba a rubuta wane fulat ba, ba a kuma faɗi abin da zai faru idan ciniki ya ɓaci ba. Daga baya lauya ya gaya mana cewa dokar dillancin gidaje da filaye ta 2020 ta ce a riƙa biyan irin wannan kuɗi ta banki ko ta hanyar da ke barin shaida, ba tsaba hannu da hannu ba.

Ɗanta ne ya tsaya kai da fata cewa ba zai turo ko dala ɗaya ba sai lauya ya ga takardu. Ya kira ni ya ce, "Kawu, dare nake kwana ina tuƙi a cikin sanyi, ba zan yi cinikin biri a sama ba." Dole ma dai sai an je wurin lauya, tunda Dokar Filaye ta 2020 ta ce lauya kaɗai ke da ikon rubuta takardar mayar da mallakar ƙasa ko gida daga hannu zuwa hannu.

Da aka buɗe akwatin marigayin, takardu uku aka samu. Ta farko indenca ce, wato takardar yarjejeniyar fili, ta 1962, wadda ta nuna cewa wani iyali na ƙabilar Ga ya ba wani Bayarabe ɗan kasuwa hayar filin na shekara 99. Ta biyu takarda ce mai shafi ɗaya da aka buga da tafireta a watan Disambar 1969, inda Bayaraben ya ce ya sayar wa Alhaji gidan, da sa hannun shaidu biyu, ba hatimin haraji, ba alamar rajista. Ta uku kuwa tarin rasit ne na kuɗin ƙasa da Alhaji ya riƙa kai wa iyalin kowace shekara, na ƙarshe yana ɗauke da shekarar da ya rasu. Duk wanda ya san tarihin unguwar zai gane ranar da ke kan takarda ta biyu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Ghana ta Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, dubban 'yan Nijeriya da Nijar da sauran maƙwabta suka tashi a gurguje, waɗanda ke da gidaje a Lagos Town da Nima da Sabon Zango suka sayar a kan abin da ya samu. Gidaje da yawa a unguwanninmu ta wannan hanya suka sauya hannu, kuma mai gudun kada a rufe masa iyaka ba shi da lokacin zuwa ofishin rajista. Binciken da lauya ya nema a Hukumar Filaye ya tabbatar da haka: sunan Bayaraben ne a rubuce tun 1962, bayansa kuwa babu komai, kamar Alhaji da 'ya'yansa ba su taɓa zama a wurin ba.

Ni na ɗauka matsalar ta tsaya a nan, wato hayar za ta ƙare a 2061, saura shekara 39, sai a gyara maganar rajista. Lauya ya buɗe kundin tsarin mulki na 1992 ya karanta mana sashe na 266. Sashen ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba riƙe hayar ƙasa fiye da shekara 50 a lokaci guda, sannan ya ƙara da cewa duk baƙon da a ranar 22 ga Agustan 1969 yake riƙe da hayar da ragowar wa'adinta ya wuce shekara 50, to za a ɗauka hayarsa ta shekara 50 ce daga wannan rana. Bayaraben a Nijeriya aka haife shi, bai taɓa zama ɗan Ghana ba, kuma a watan Agustan 1969 gidan yana hannunsa. A fahimtar lauyan, abin da ya sayar wa Alhaji a watan Disamba ba zai fi abin da doka ta bar masa ba, ke nan akwai hujja mai ƙarfi cewa hayar ta ƙare tun watan Agustan 2019. Ya ce wani lauyan yana iya yin jayayya a kan wannan a kotu, amma shi ba zai bar wadda ta zo wurinsa ta zuba dala 40,000 a kan abin da sai alƙali ya warware ba.

A wannan zama ne Yaya ta fara fahimtar abin da take saye. Ita a zuciyarta gida take saye, irin yadda mahaifinmu ya sayi nasa, wato bango da ƙasar da ke ƙarƙashinsa har illa ma sha Allahu. Lauya ya bayyana mata cewa a mafi yawan Accra ƙasa ta sarautun gargajiya ce ko ta iyalai ko ta gwamnati, kuma doka ta hana sarauta da iyali sayar da ƙasarsu baki ɗaya, sai dai su ba da haya ta dogon lokaci. Mai sayen fulat kuwa mataki ɗaya yake ƙasa da haka, domin shi hayar cikin haya yake karɓa daga wanda ke riƙe da filin, kuma ba zai taɓa samun shekarun da suka fi na wanda ya ba shi ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ashe dai hayar ce na sake biya, sai dai ta shekaru masu yawa." Maganar tata tana da gaskiya, amma ba gaskiyar duka ba, domin wannan hayar ana sayar da ita, ana gadonta, ba kuma mai ƙara mata kuɗi duk bayan shekara biyu.

Matsala ta biyu ta gado ce, kuma ita ta fi cin lokaci. Bayan addu'ar arba'in ta marigayin, malamai sun zauna sun raba dukiyar yadda shari'a ta tanada: matan da ya bari suka ɗauki tumuni, 'ya'ya suka raba saura, namiji rabon mace biyu. Fulat ɗin da ake magana ya faɗa wa ɗaki na biyu, maza uku da mata biyu. An yi rabon da adalci, kowa ya amince, amma da baki aka yi, ba wanda ya je kotu ya karɓi takardar izinin kula da gado, wadda lauyoyi ke kira LA. A dokar Ghana, wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta 1985 da aka fi sani da PNDC 111 ce ke aiki a kansa, kuma ita ta ce gidan da ya bari na matansa da 'ya'yansa ne a haɗe. Kafin magaji ya iya sayar da kasonsa, sai masu riƙe da izinin kotu sun rubuta masa takardar da ta miƙa masa wannan kaso da sunansa. Taɓa dukiyar mamaci ba tare da wannan izini ba ma laifi ne. Ma'ana, mutumin da ya karɓi kuɗin Yaya a gaban liman ba shi da ikon sayar da ko tagar fulat ɗin, duk da cewa bai yi niyyar cutar kowa ba, kuma a unguwa kowa zai rantse cewa nasu ne.

Hanyar da aka bi ita ce wadda Musulmi da yawa ke bi, wato a samu izinin kotu, sannan dukkan magada su sa hannu cewa sun amince da rabon da malamai suka yi. Tara sa hannun mutum 14 da gwauruwa ɗaya da ta rage a raye ba ƙaramin aiki ba ne. Biyu suna Legas, ɗaya yana Italiya, sai da aka aika masa takardar wakilci ya sa hannu a gaban jami'i. A cikin wannan zirga-zirga aka gano cewa ƙanwar mai sayarwa da ke aure a Aboabo, a Kumasi, ba ta ma ji labarin cinikin ba. Mun hau mota mun same ta. Ba ta ƙi a sayar ba, amma ta ce, "Yayanmu ya sayar da shagon Baba shekarun baya, har yau ban ga ko kwabo ba. Wannan karon nawa a asusuna za a sa." Rabon ɗakinsu kashi takwas ne, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, don haka aka rubuta a yarjejeniya cewa ɗaya bisa takwas na kuɗin zai tafi kai tsaye zuwa asusunta. Da a ce mun biya duka a watan Janairu, da wannan baiwar Allah tana da damar tayar da cinikin a duk ranar da ta ga dama, kuma ko a shari'ar Musulunci gaskiya tana wajenta, kamar yadda liman da kansa ya faɗa da ya ji labari.

Ana cikin jiran kotu na kawo wani injiniya ya duba ginin, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Ya yaba wa tubalin da kaurin bangon, amma ya nuna mana abubuwa uku. Rufin benen na kankare ne, ruwa ya daɗe yana kwanciya a kansa, har rodin da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa siminti a silin na hawan sama, kuma iskar teku mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe a Accra. Sokawe ɗaya ne ke ɗauke da gidan duka, an gina shi don iyali ɗaya, yanzu mutum fiye da 30 ke amfani da shi. Na ukun ne ya fi tayar masa da hankali: fulat ɗaya na ƙasa an mai da shi gidan buga takardu, sana'ar da New Town ta shahara da ita, kuma don injin ya samu wuri an fasa wani bango na ciki wanda ke ɗauke da nauyin falon da Yaya za ta zauna a kansa. Ya tuna mana cewa Accra tana kan yankin girgizar ƙasa, cewa ta 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane, kuma ko a watan Yunin 2020 gari ya motsa har mutane suka fito waje da dare. Ya ce a sa ginshiƙi da gadar ƙarfe a inda aka fasa kafin kowa ya ƙara kwana a sama da hankali kwance. Game da ambaliya kuwa, gidan yana kan tudu, nesa da kwarin kogin Odaw, maƙwabta kuma sun tabbatar cewa ko a daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka hallaka mutum fiye da 150 a shataletalen Circle da ke tsakiyar Accra, ruwa bai wuce dokin ƙofar gidan ba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce wa zai biya, kuma a nan ne aka ga raunin irin waɗannan gidaje. Malamai sun raba fulat shida, amma ba wanda ya raba rufi, matakala, sokawe, tankin ruwa ko harabar gida, saboda haka sun zama na kowa, wanda a aikace ke nufin ba na kowa ba. Harajin gida na majalisar gunduma ya taru shekaru ba a biya ba. Mitar ruwa ɗaya ce, da bashi a kanta. Wanda ya gaji fulat na sama yana ganin rufin nasa ne, har yana da niyyar ɗora ƙarin hawa a kai, amma da aka ce rufin na yoyo sai ya ce ai gidan duka yake rufewa. A sababbin gidajen alfarma na unguwannin Cantonments ko Airport akwai kamfanin da ke karɓar kuɗin hidima duk wata yana kula da waɗannan abubuwa. A tsohon benen gado kuwa ba abin da ke riƙe da ginin sai zumunci, shi kuma zumuncin 'yan uba yakan yi rauni da zarar mahaifi ya kwanta dama.

Duk wannan lokaci sidi yana zubewa. Dalar da ke wajen sidi 6 a watan Janairu ta haura 14 a watan Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. Kuɗin ɗanta suna Amurka ba abin da ya same su, amma sidi 66,000 da suka rage a hannun Yaya, waɗanda a farkon shekara suka kai dala 11,000, sun koma ba su kai 5,000 ba. Na ba ta shawara tun watan Maris ta canza su, ta ce kada ta canza dala ta faɗi. Ga shi kuma wa'adin hayarta ya cika a watan Yuli, sai da aka yi ta roƙon mai gida ya karɓi na shekara ɗaya. Rancen banki bai ma shigo cikin magana ba, saboda riba, kuma ko ba don haka ba, kuɗin ruwan da bankuna ke nema a lokacin ya wuce abin da atamfa za ta iya biya.

Sai kuma rasit ɗin nan na "miliyan 240" ya dawo ya tsaya mana a wuya. Magada suka ce tunda da dala aka yi ciniki, kuma ba a kammala ba sai yanzu, to a lissafa kafin alƙalamin da canjin yau, wato kimanin dala 1,700. Yaya ta ce ranar da ta ba da kuɗin dala 4,000 ne, ba ita ta ce a bar su a sidi ba. Lauya ya ce takardar ba ta goyi bayan kowa ba. Limamin da aka ƙirga kuɗin a gabansa ne ya raba gardamar. Ya tambayi mai sayarwa abin da ya yi da kuɗin, ya ce ya sayi kayan shago a makon da ya karɓa. Liman ya ce, "To Alhaji, ka ci amfaninsu da darajarsu ta ranar, da ita kuma za a lissafa maka. Jinkirin nan ma daga takardunku ya zo, ba daga Hajiya ba." Mutumin ya sunkuyar da kai ya amince. Sanayyar da ta hana mu neman takarda a farko ita ce ta fitar da mu a wannan gaɓa, kuma ban tsammanin wata kotu za ta yi hakan cikin yammaci ɗaya ba.

Zuwa wurin iyalin masu ƙasa shi ne abin da kowa ke tsoro, don wasu magadan sun ce tayar da maganar kamar tsokanar maciji ne a rami. Da aka je da gaisuwa yadda al'adarsu take, shugaban iyalin ya nuna cewa sun san kuɗin ƙasa ya tsaya tun 2009, sun kuma san lissafin shekarun. Ba su nemi korar kowa ba. Sun nemi a biya bashin da ya taru, a biya kuɗin sabuntawa, su ba da sabuwar haya ta shekara 50 da sharaɗin za a iya sabunta ta. Lauya ya dage cewa manyan dattawan iyalin su sa hannu tare da shugaban, domin a dokar gargajiya shi kaɗai ba ya iya ba da ƙasar iyali. Aka kawo safiyo mai lasisi ya zana sabuwar taswirar filin. Kuɗin sabuntawar an raba shi shida, sai dai ɗaki biyu suka ce ba su da shi a hannu, don haka Yaya ta biya musu aka cire daga farashi, aka kuma rage dala 3,000 saboda aikin ginshiƙi da rufi. Duk da ragin, sai da ɗanta ya ƙara wata huɗu yana aikin dare kafin ya cike gibin da faɗuwar sidi ta buɗe.

Takardar da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta ba Yaya fulat ɗin na tsawon sabuwar hayar, ban da 'yan kwanaki na ƙarshe, kamar yadda ake rubuta hayar cikin haya. An zana fulat ɗin a jikinta, an ba ta haƙƙin bin matakala da amfani da haraba da tanki, an ɗora wa kowane fulat ɗaya bisa shida na gyaran rufi da sokawe da kuɗin ƙasa, an kuma hana ƙara hawa ko fasa bango sai da yardar kowa da rahoton injiniya. An biya ta banki, kowane magaji a asusunsa. An biya harajin hatimi, wanda a irin wannan ciniki yake kai kashi 1 cikin 100 na darajar da masu kimantawa na gwamnati suka sa, domin takardar da ba a buga wa hatimi ba kotu ba ta karɓarta a matsayin shaida. Dillali ya nemi la'ada daga ɓangare biyu, aka ba shi daga ɗaya.

Maganar sunan da za a rubuta ta ɗan jawo tsaiko. Ɗan yana da fasfo na Amurka, amma tunda Ghana ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu kuma bai ajiye nata ba, iyakar da aka sa wa baƙi ba ta shafe shi ba. Shi ya so a sa sunan mahaifiyarsa kaɗai don girmamawa. Lauya ya tambaye shi ko ya yarda ranar da ta rasu kuɗin da ya tara su shiga gado a raba da 'yan uwansa, ya kuma tambayi Yaya ko ta yarda a sa sunansa kaɗai 'ya'yanta mata su tashi ba komai. Bayan shekara guda muna warware abin da wani mamaci ya bari ba a rubuce ba, ba wanda ya ji kunyar amsawa. An rubuta sunayensu biyu, da kason kowa gwargwadon abin da ya zuba.

Ta tare ana saura kwana kaɗan a fara azumi, a watan Maris na 2023. An sa ginshiƙin a gidan buga takardun, an raba mata mitar wuta tata, an shigar da takardun neman rajista a Hukumar Filaye, ana bin su. Rufin kuwa rabinsa aka gyara kafin ruwan Yuni, saboda mai fulat na sama bai kawo nasa kason ba, yana cewa shi bai karanta wannan sharaɗin da kyau ba lokacin da ya sa hannu. Yaya ta sayi littafi mai bango ja, ta ja layi shida, ta rubuta sunan kowane fulat a kai, kuma ranar Juma'ar farko ta kowane wata takan hau matakala da shi a hannu, ta fara ƙwanƙwasa ƙofa daga hawan sama.